Jim Brown: Gwanin da Amurkawa Suka Kasa Daidaita Baki a Kansa

A watan Fabrairun 2023 hukumar NFL, wadda ke shirya babbar gasar ƙwallon Amurka, ta sanar cewa kyautar da ake bai wa ɗan wasan da ya fi kowa cin nisa da gudu a kowace kaka za ta riƙa ɗaukar sunan Jim Brown. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Mayu, Brown ya mutu a gidansa da ke Los Angeles yana da shekara 87. Jaridun Amurka sun rabu wajen rubuta tarihinsa. Wasu sun buɗe da cewa ba a taɓa yin ɗan wasa kamarsa ba, wasu da hotonsa zaune kusa da Muhammad Ali, wasu kuma da jerin matan da suka kai ƙararsa wurin 'yan sanda. Kafin ƙura ta lafa, a watan Yuli, sai ga 'yan wasan da ke buga gurbin da ya buga sun kira taro suna kukan cewa ƙungiyoyi sun mayar da su kayan arha.

Wanda ya saba da Firimiya da Laliga zai iya tambaya: me mutumin ya yi da har ake sa sunansa a kyauta alhali an daɗe da wuce tarihin da ya kafa? Kuma in gurbinsa na da wannan daraja, me ya karya farashinsa?

## Wasan da gurbin

Ƙwallon Amurka da hannu ake buga mafi yawansa. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin da ake auna atamfa da shi a kasuwa, sannan a kowane ƙarshe akwai wani fili mai yadi 10 wanda shi ne gidan ci. Kowane ɓangare na da mutum 11. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya matsa gaba da yadi 10. In ya cika, a sake ba shi wasu huɗun. In ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga gidan ci da ƙwallo a hannu ya samo wa ƙungiyarsa maki 6.

Hanya biyu ce ta matsawa gaba. Ko dai jagoran kai hari, wanda ake kira kwatabak, ya jefa ƙwallo sama wani ya cafe, ko kuma ya danƙa ta hannu da hannu ga wanda ke tsaye a bayansa, shi kuma ya rungume ta a ƙirji ya ruga cikin mutane. Wannan na biyun shi ne mai gudu da ƙwallo, kuma aikin Jim Brown ke nan. Abin lura shi ne kusan duk gudu ɗaya da faɗuwa yake ƙarewa, don ba a tsayar da wasa sai an kayar da mai ƙwallo ko ya fice daga fili ko ya ci. Wanda aka ba ƙwallo sau 20 a wasa, to ya shirya shan karo kusan sau 20, galibi daga mutum biyu ko uku a lokaci guda. Shi ya sa ake auna gwanintar mai gudu da yawan yadin da ya ci, kuma shi ya sa jikinsa ke riga na kowa lalacewa.

Najeriya ma ta taɓa fitar da gwani a wannan gurbi. Christian Okoye, haifaffen Enugu, shi ya fi kowa yadi a NFL a 1989, inda ya ci 1,480 a ƙungiyar Kansas City Chiefs. Kaka shida kawai ya buga, raunuka suka sa ya ajiye.

## Daga tsibirin Jojiya zuwa Cleveland

An haifi James Nathaniel Brown ranar 17 ga Fabrairun 1936 a tsibirin St. Simons da ke jihar Jojiya, a kudancin Amurka, lokacin da doka ta raba baƙi da farare a makaranta da mota da gidan abinci. Mahaifinsa ɗan dambe ne wanda bai zauna da iyalin ba. Kakar mahaifiyarsa ce ta rene shi har ya kai shekara takwas, sannan ya koma wurin uwarsa da ke aikatau a gidajen masu hali a Manhasset, kusa da birnin New York. A sakandaren garin babu wasan da bai taɓa ba: ƙwallon kwando, tsere, ƙwallon Amurka, da lakros, wani wasa da ake yi da sanda mai raga a baki wanda asalinsa na 'yan asalin nahiyar ne.

Jami'ar Syracuse ba ta ba shi gurbin karatu kyauta da farko ba. Wani lauya a Manhasset, Ken Molloy, shi ya tattara kuɗi daga mutanen gari aka biya masa. Ya tarar da kansa kusan shi kaɗai ne baƙi a cikin 'yan wasan, kuma ya daɗe a benci kafin a yarda da shi. A shekararsa ta ƙarshe, 1956, ya ci maki 43 shi kaɗai a wasa ɗaya da Jami'ar Colgate. Duk da haka na biyar ya zo a zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, aka bai wa wani farin ɗan wasa wanda ƙungiyarsa ta ci wasa biyu kacal a kakar. Sai a 1961 baƙin mutum ya fara cin kyautar, Ernie Davis, wanda ya gaji Brown a Syracuse har da lambar rigarsa 44.

A 1957 ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi a matsayi na shida a zaɓen sababbin 'yan wasa. Sunan ƙungiyar ba daga gare shi ya fito ba, daga kocinta na farko ne, Paul Brown, wanda ba su haɗa dangi ba.

## Yadda ake karanta alƙaluman

Brown ya buga kaka tara, daga 1957 zuwa 1965. A wasanni 118 na gasa an ba shi ƙwallo sau 2,359, ya ci yadi 12,312, ya shiga gidan ci sau 126. A kaka takwas cikin taran shi ne kan gaba a yawan yadi. Sau uku ana zaɓensa gwarzon gasa, a 1957 da 1958 da 1965. Bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba.

Jimillar yadin nan an daɗe da wuce ta. Walter Payton na Chicago ya wuce ta a 1984, ya tsaya a 16,726. Emmitt Smith na Dallas ya wuce Payton a 2002, ya yi ritaya da 18,355. A nan ruɗanin yake, kuma maganinsa shi ne a duba yawan wasanni. A kakoki huɗu na farko na Brown wasa 12 ake yi a shekara, daga 1961 aka koma 14. An mayar da su 16 a 1978, sannan 17 a 2021. Smith ya buga wasa 226, kusan ninkin na Brown. In aka raba, Brown na cin yadi 104.3 a kowane wasa, Payton 88, Smith 81. Barry Sanders na Detroit ne ya fi matsowa kusa da 99.8. Har yau babu wanda ya kammala aikinsa da matsakaicin da ya haura 100 sai Brown. A 1963 ya ci yadi 1,863 a wasa 14, wato 133 a kowane wasa.

Masu taka wa wannan yabo birki suna da hujjarsu. Suna cewa a zamaninsa ƙungiyoyi 12 zuwa 14 ne a gasar, ba 32 ba, kuma masu tsaron baya na lokacin ba su kai na yanzu girma da sauri ba. Brown na da tsawon kusan mita 1.88 da nauyin kilo 105, don haka sau da yawa ya fi mai ƙoƙarin kayar da shi nauyi, ga shi kuma ya fi shi gudu. Suna ƙarawa da cewa ƙungiyoyi da dama na taƙaita yawan baƙaƙen 'yan wasa, har ta Washington ba ta ɗauki baƙi ko ɗaya ba sai 1962, ke nan ba dukkan gwanayen ƙasar ya fuskanta ba. Kofi ɗaya ya ci, na 1964, da suka lallasa Baltimore Colts 27 da nema. A wasan raba gardama da New York Giants a 1958 kuwa yadi 8 kacal ya samu. An kuma sha zarginsa da cewa ba ya son yin aikin tare wa abokan wasa hanya in ba shi ke da ƙwallo ba.

Masu kare shi na amsawa da cewa ba a auna mutum sai da tsararsa, kuma tazarar da ya ba tsaransa ba ta da misali: a 1958 ya ci yadi 1,527, wanda ya zo na biyu bai kai 800 ba. Dokokin lokacin sun bar mugun wasa da a yau kora ake yi a kansa, kuma kowa a fili ya san shi za a ba ƙwallo, amma sanin bai hana komai ba. Wannan hujja ta tazara ita ce ta fi wuyar rushewa, don masu tsaron bayan da ake cewa ƙanana ne, su ne dai sauran masu gudu na lokacin suka fuskanta.

Akwai wata ɗabi'arsa da waɗanda suka kalle shi ke yawan ambata. Duk lokacin da aka kayar da shi, ko ya ji ciwo ko bai ji ba, a hankali yake tashi, ya tako zuwa wurin abokansa kamar wanda ya gama gajiya. Dabara ce. Tunda kullum haka yake tashi, abokan hamayya ba su da hanyar gane ranar da karo ya shige shi da gaske.

## Ritaya daga wurin ɗaukar fim

Paul Brown koci ne mai tsauri, shi ke aiko da kowane salon hari daga bakin fili, ɗan wasa ba ya da ta cewa. Jim Brown na cikin waɗanda suka nuna sun gaji da hakan. A Janairun 1963 sabon mai ƙungiyar, Art Modell, ya sallami kocin, ya naɗa Blanton Collier wanda ke sauraron 'yan wasa. A kakar da ta biyo baya ne Brown ya ci yadi 1,863 ɗin nan.

Shekara uku bayan haka sai ga shi da Modell ɗin. A bazarar 1966 Brown na Ingila ana ɗaukar fim ɗin yaƙi mai suna The Dirty Dozen, rashin kyan yanayi ya jawo jinkiri, lokacin atisayen ƙungiya ya gabato. Modell ya fito fili ya ce zai ci shi tara kan duk ranar da bai zo ba. A watan Yuli Brown ya tara 'yan jarida a wurin ɗaukar fim ɗin, sanye da kakin soja na fim, ya ce ya bar wasa. Shekararsa 30, kuma shi ne gwarzon kakar da ta wuce.

Don a fahimci nauyin matakin, sai a san cewa a lokacin ɗan wasa ba shi da cikakken 'yancin sauya ƙungiya. Wanda ya ɗauke shi tun farko shi ke da iko da shi, kuma sai a 1993 aka samu sahihin tsarin da ke barin ɗan wasa ya tafi inda ya ga dama bayan kwantiraginsa ta ƙare. Makamin da ya rage wa Brown shi ne ya tafi gaba ɗaya, kuma yana da inda za shi. Ya fito a finafinai da dama, ciki har da 100 Rifles na 1969, wanda ya tayar da surutu saboda ya nuna soyayya tsakanin baƙin namiji da farar mace.

## Taron Cleveland da siyasarsa

A watan Afrilun 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, yana mai kafa hujja da addininsa. Aka ƙwace kambunsa, aka hana shi dambe. Ranar 4 ga Yuni Brown ya tara manyan baƙaƙen 'yan wasa a ofishin ƙungiyarsa ta bunƙasa kasuwancin baƙaƙe a Cleveland, ciki har da gwanin ƙwallon kwando Bill Russell da wani ɗalibi mai suna Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Bayan sa'o'i suna yi wa Ali tambayoyi, suka fito gaban kyamara suka mara masa baya.

Labarin ya fi hoton sarƙaƙiya. Brown na da hannun jari a kamfanin da ke tallata damben Ali, kuma masu binciken tarihi sun nuna cewa akwai tayin da aka zo da shi na Ali ya amince ya riƙa damben nishaɗi ga sojoji a maimakon zuwa fagen daga. Wasu daga cikin mahalarta sun yi aikin soja, shi kansa Brown hafsa ne a rundunar ko-ta-kwana. Ali bai sauya ba, su ne suka sauya. Tsayawa tare da shi a wannan lokaci na iya jawo wa mutum asarar aiki da talla, kuma sun tsaya. A 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi wa Ali.

Ra'ayin Brown ya bambanta da na masu zanga-zangar lumana irin su Martin Luther King. Shi a wurinsa mafita ita ce jari da sana'a da mallaka. A 1988 ya kafa shirin Amer-I-Can, wanda ke shiga gidajen yari da unguwannin 'yan daba yana koyar da dabarun rayuwa, ya kuma buɗe gidansa na Los Angeles ga 'yan ƙungiyoyin daba na Crips da Bloods masu gaba da juna, abin da ya taimaka wajen sulhun da aka yi a unguwar Watts a 1992. Wannan ra'ayi ne kuma ya raba shi da matasan 'yan gwagwarmaya a ƙarshen rayuwarsa. Ya soki durƙuson da ɗan wasan NFL Colin Kaepernick ke yi lokacin taken ƙasa don nuna adawa da zaluncin da ake yi wa baƙaƙe, sannan ya gana da Donald Trump a 2016, ya kuma je Fadar White House a 2018. Wasu sun ce ya juya wa tafiyar baya. Wasu sun ce tun 1960 da wani abu hakan yake: zai zauna da duk wanda ke da iko in yana ganin za a samu wani abu.

## Ƙararrakin cin zarafi

A nan ya kamata a bambanta zargi da tuhuma da hukunci, don ana yawan cakuɗa su. A 1965 an gurfanar da shi a Cleveland kan dukan wata budurwa 'yar shekara 18, kotu ta wanke shi. A 1968 an tsinci wata mata da rauni a ƙasan barandar gidansa a Los Angeles. An janye tuhumar bayan ta ƙi ba da shaida, amma an ci shi tara kan dukan ɗan sandan da ya zo. A 1978 an yanke masa hukunci kan dukan wani abokin wasansa na golf. A 1985 an tuhume shi da fyaɗe, alƙali ya kori ƙarar. A 1986 an kama shi kan dukan wadda zai aura, ita ma ba ta bi ƙarar ba. A 1999 kotu ta same shi da laifin farfasa motar matarsa da shebur, ta umarce shi ya je wurin masu ba da shawara kan rikicin cikin gida. Ya ƙi, aka yanke masa wata shida, ya yi 'yan watanni a gidan yari a 2002.

Magoya bayansa na nuna cewa babu kotun da ta taɓa samunsa da laifin dukan mace, kuma 'yan sandan Los Angeles na wancan zamani ba su da tarihi mai kyau da baƙaƙe, balle fitaccen baƙi mai baki. Shi ma ya musanta mafi yawan zarge-zargen, ko da yake a littafin tarihinsa ya amsa cewa ya taɓa marin mata, ya kuma yarda yana da matsalar fushi. Masu fafutukar kare mata kuwa na cewa janye ƙara ba wankewa ba ce, domin an san mata da yawa na ja da baya idan wanda suke ƙara mai suna ne da kuɗi. Suna kuma cewa ƙararraki daga mata daban-daban a tsawon shekara sama da 30 sun wuce a kira su tsautsayi. Ƙorafinsu a kan NFL ya fi ƙarfi: hukumar da ta tsaurara hukunci kan dukan mata a 2014, bayan bidiyon ɗan wasa Ray Rice yana cin zarafin wadda zai aura ya fito, ita ce ta sa sunan Brown a kyauta shekara tara bayan haka. Ƙungiyar Cleveland ma ta kafa mutum-mutuminsa a bakin filinta a 2016.

## Abin da ya karya farashin gurbin

Tun daga ƙarshen shekarun 1970 dokoki suka riƙa sauƙaƙa jifa, suna kare kwatabak da masu cafewa. Masu nazarin alƙaluma suka nuna wa ƙungiyoyi cewa jifa ta fi gudu kawo yadi, kuma nasarar mai gudu ta dogara sosai ga ƙattan da ke buɗe masa hanya. Kociyoyi suka fara raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku. Rabon da mai gudu ya zama gwarzon gasa tun Adrian Peterson a 2012.

Sai kuma tsarin albashi. Yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade abin da sabon ɗan wasa zai samu a shekara huɗu na farko, da damar ƙara ta biyar ga waɗanda aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa. Bayan nan ƙungiya na iya riƙe shi da kwantiragin shekara guda a kan ƙayyadadden farashi ko bai so ba. A 2023 wannan farashi dala miliyan 10.1 ne ga mai gudu, sama da miliyan 32 ga kwatabak. Kwatabak na iya yin ƙarfi har ya haura shekara 35, shi kuwa mai gudu ganiyarsa na ƙarewa wajen 27 ko 28, daidai lokacin da zai samu 'yancin yin ciniki. Masu ƙungiyoyi na cewa kasuwa ce, kuma akwai rufin kashe kuɗi da dokar gasar ta gindaya musu. 'Yan wasan na cewa kasuwar da aka ɗaure mai kaya har kayansa su tsufa ba kasuwa ba ce. Saquon Barkley, ɗaya daga cikin waɗanda aka riƙe da wancan farashi a 2023, ya koma Philadelphia, ya ci yadi 2,005 a 2024, ya ɗauki kofi, sannan ya zama mai gudu na farko da ya haura dala miliyan 20 a shekara. Dak Prescott, kwatabak na Dallas, miliyan 60 yake karɓa.

Tasirin ya sauko har ƙasa. Yaro mai hazaƙa a sakandaren Amurka yanzu ana ba shi shawara ya koma mai cafewa ko mai tsaron baya, inda kuɗi ya fi yawa kuma jiki ya fi daɗewa. Iyaye na duba batun ƙwaƙwalwa: wani binciken Jami'ar Boston na 2017 ya samu cutar da yawan bugun kai ke jawowa a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da aka duba, ko da yake iyalan da suka riga suka ga alamun cutar ne galibi suka bayar da su, don haka adadin ba ya wakiltar dukkan 'yan wasa. Lissafin ya shafi Afirka ma, tunda NFL ta buɗe sansanin neman matasa a Accra a 2022, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawa a shirinta na ɗauko 'yan wasa daga ƙetare. Mafi yawansu gurbin tare hanya ko tsaron baya ake koya musu.

'Yan wasan sun kawo shawarwari, kamar a rage tsawon kwantiragin farko ga masu gudu ko a sauya yadda ake lissafa farashin riƙewa. Kowanne na buƙatar amincewar masu ƙungiyoyi da kuma sauran 'yan wasa, waɗanda daga aljihu ɗaya ake biyansu, kuma yarjejeniyar da ake aiki da ita yanzu ba za ta ƙare ba sai bayan kakar 2030.